Tukunyar da Ta Fi Zurfi

"Littattafan mahaifinki fa? A nan za ki bar su?" in ji uwar.

Ɗiyar ta dubi amalanken da suka loda kayansu a kai, saura wurin abu ɗaya tak. Shekara talatin marigayin ya yi yana tono tsofaffin tukwane, yana rubuta cewa duk inda aka sami tukunyar kakannin Jamusawa, ƙasar ta Jamus ce. Yanzu an ci Jamus da yaƙi, an ba su awa biyu su bar gidansu na yankin Silesiya, wanda ya koma hannun ƙasar Poland. Jami'in Poland da ya kawo umarnin har da murmushi, wai su ma sun yi tono, tasu tukunyar ta fi zurfi a ƙasa, don haka yankin nasu ne.

Ta ja tsaki. "Baba ne ya koya musu, Mama. Tukunyar miyarmu ba ta taɓa korar kowa daga gidansa ba. Ita zan ɗauka."