Kifin da Ya Kwana a Bahon Maƙwabci

Zauna nan, Munzali, ka daina hura mini hanci. Tun da ka shigo kake nanata cewa maƙwabcin shagonka ya ce ginshiƙin rumfarka ya ruɓe, ka kwashe kaya a gyara, wai so yake ka tashi ya gaje wurin. To, buɗe kunnenka.

An yi wani mutum mai sayar da kifin ado, ƙananan nan jajaye da masu ruwan ɗorawa, waɗanda ba a ci sai kallo. Ni dai har gobe ban ga amfanin kifin da ba ya shiga miya ba, amma da shi mutumin yake ciyar da gidansa, don haka ba na raina shi. Kifinsa duka suna cikin babban akwati guda, na roba mai garau da za ka rantse gilashi ne. A jikin shagonsa akwai wani mai irin sana'arsa. Tsakaninsu sai gaisuwar fatar baki, kowa na ganin ɗayan ne ke janye masa masu saye.

Wata rana ya ga ɗiban ruwa da bokiti ya ishe shi, ya ce zai huda akwatin daga gefe ya sa bututu. Ƙiwa ta hana shi kwashe kifin, sai ya ɗan rage ruwan kawai. Ya aro injin huda wurin kafinta, da bakin da ake huda katako da shi, ya kafa dab da gefe, ya danna da ƙarfinsa duka kamar mai fushi da abin. Sai ya ji ƙas. Tsaga ta fito daga ramin, siririya kamar silin gashi, ta nufi ƙasa inda ruwa yake. Ya waiga ko wani ya gani. Ya manna salatif, ya goga sabulu, ya jingina kwalin talla a wurin. Amma ruwa nauyi gare shi, kuma ba ya hutawa. Tsagar da take tsawon yatsa da hantsi, kafin la'asar ta kusa taki. Robar ta fara gumi, gumi ya zama ɗigo, ɗigo ya bi ƙasa ya ratsa ta ƙarƙashin katanga har cikin shagon maƙwabci.

Maƙwabcin ya biyo jiƙar har gindin akwatin, ya ɗaga kwalin, ya duba. Ya ce, "Malam, wannan ba za ta kai gobe ba. Kawo kifin nan shagona, ina da baho biyu da injin hura wa kifi iska. Ka zubar da ruwan, sannan ka sake huda shi."

Mutumin ya ji kamar an mare shi. Huji ne ya jawo masa wannan, a ce ya ƙara wani? Kuma ya ɗauki abincin 'ya'yansa ya kai hannun wanda suke gasa? A ransa ya ce, so yake akwatin ya ƙarasa fashewa, kifin kuma su zama nasa. Har ya buɗe baki zai ce a bar masa abinsa, sai idonsa ya faɗa kan salatif ɗin. Tsagar ta riga ta leƙo ta ƙasansa. Ya haɗiye maganar, ya miƙa hannu ya ɗauko rariya.

Suka kwashe kifin, suka tsiyaye ruwan, suka goge robar ta bushe. Maƙwabcin ya haska fitilar waya har ya gano daidai inda bakin tsagar ya tsaya, ya ɗauko siririn bakin huda, ya sa wa mai akwatin a hannu ya ce masa ya huda wurin da kansa, a hankali, ban da dannawa. Mutumin ya huda ɗan rami kamar ƙwayar gero. Haka mai gyaran ƙwarya yake yi tun zamanin kakanninmu: tsaga tana tafiya ne da tsininta, in ka mayar da tsinin zagaye ba ta da ƙafar wucewa. Suka ɗura ruwan gam da sirinji ya bi tsagar, suka yanko guntun roba irin ta akwatin suka yi faci ciki da waje, suka matse. Mutumin ya so ya zuba ruwa washegari, maƙwabcin ya hana shi, ya ce sai gam ya kama sosai. Kwanakin nan ko abinci ba ya yi masa daɗi. Kunya ta hana shi leƙa bahon, zargi ya hana shi barci.

Da lokaci ya yi suka ɗora akwatin kan busasshen yashi, suka cika shi har baki, suka zauna suna kallon ƙasa. Rana ta yi tsaka, ta karkata, yashi yana nan fari fat. Mutumin ya ce alhamdu lillahi. Sai ga maƙwabcin da bahonsa, kifi cif, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ya koma ya fito da wani ɗan kwano, cike da 'ya'yan kifi kamar tsaba. Ya ce, "Wata ta haihu a wurina. Na ware su kada manyan su cinye. Naka ne."

Tashi ka je ka duba ginshiƙin nan tun bai faɗo kan wani ba, kuma ka tsaya ka gaida mutumin da kyau. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.