Ƙwayoyin da Ka Raba Kamar Goro

Kai ka cuci jikata, surukina. Yau na ajiye kunya.

Ka kwaso ciwon sanyi a Rufa'a, hakim, likitan can, ya ba ka ƙwayoyi, ya ce ka shanye duka, ka kawo matarka. Zafin fitsari na lafawa ka ce ka warke, ka raba ma abokan tsinkar auduga sauran kamar goro. Ɗiyata kuwa, ko ƙwaya ɗaya ba ta gani ba.

Yau suna. Na ɗauki jaririya in sa mata kwalli, na iske idanun sun manne da mugunya.

Ajiye wuƙar ragon nan! Ni zan kai jaririyar gun hakim. In na dawo, gaban umda, mai garinmu, za ka tsaya ka amsa.