Hular Tuno Baya

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta share wa Malam Sallau tunani, duk Talata matarsa Tabawa take kai shi asibiti a kifa masa hular lantarki. Kowane zama shekara ɗaya ke dawo masa.

Yau ya iso shekarar da yake neman aurenta. Ana cire hular ya gyara zama, ya miƙa mata alewa cikin kunya.

"Ranki ya daɗe, ko zan samu shiga?"

Tabawa ta rufe baki da mayafi, har da fari da ido.

Nas ta ce, "Mama, Talata mai zuwa zai fara tuno zaman aurenku."

"Ba za mu zo ba, 'yar nan."

"Saura shekara arba'in fa!"

Tabawa ta ɓare alewarta. "Ai ni ban manta ko ɗaya ba."