Tabon da ke Damtsen Tela

"Kalli sama," in ji likita, ya ja fatar idon tela ƙasa.

Matar tela ta leƙo ta bayan likita. Ja ne! Wata takwas da suka wuce, lokacin da ɓargon mijin nata ya daina samar da jini, wurin nan fari ne fat.

Likita ya duba dasashi, ba ya zubar da jini. Ya duba ƙafafu, jajayen ɗigon da ciwon ya feso masa duk sun ɓace. Murna ta hana matar zama, har ta toshe baki ta yi 'yar guntuwar guɗa.

Sai likita ya naɗe hannun rigar tela. Ga tabo a damtse, jini ya kwanta, ya yi baƙi.

"Yaushe wannan ya fito? In haka kawai ya fito, ina tsoron ciwon ne ke dawowa."

Tela ya sunkuyar da kai. Matar ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Likita, ni na mintsine shi jiya, da muka zo gwajin jini. Daga samun sauƙi, sau uku yana gaida nas ɗin can, har da tambayar ta mutan gida!"