Bakaniken da Ya Yi wa Maƙwabcinsa Talla

Kai da ci gaban abokin sana'arka ke hana ka sukuni, matso ka ji. A wata tasha da ke gindin dutse, inda motoci ke saukowa gangara da lodin dankali, an yi kanikawa biyu, rumfa tana kallon rumfa. Na farko hannunsa da sauri: ka kawo mota birki yana ƙara, ya fizge takalman birkin da suka cinye, ya ɗaura sababbi, kafin shayinka ya huce ka kama hanya. Na biyun kuwa sarkin nawa ne. Sai ya cire taya, ya sa farcensa ya bi faifan birkin da takalman ke damƙa, in ya ji ya zaizaye ya ce shi ma sai an canja shi, don sabon takalmi ba ya kama cinyayyen faifai. In ka ƙi, ya mayar maka da tayarka ya ce ka gai da gida. Ana nan sai wani mai motocin haya ya kai wa sarkin nawa motocinsa duka. Wayyo, na farko kamar ya haɗiyi garwashi! Yana kwance ƙarƙashin mota yana aiki, amma idonsa na can tsallaken hanya. Abinci ma ya daina yi masa daɗi, don tsoronsa kar sauran direbobin su bi sahu.

Sai ya mai da teburin mai shayi wurin zamansa, inda direbobi ke taruwa da safe, yana ɓata maƙwabcin nasa. "Wancan ai azzalumi ne! Takalmi ka kawo, ya ce sai da faifai. Ya gama kuma ba zai ba ka makulli ba sai ya hau gangara da motar ya taka birkin da ƙafarsa." Kullum zancen ke nan, har da rantsuwa. Abin da hassada ta rufe masa ido bai gani ba shi ne, duk wanda ke zaune a bencin nan ya taɓa taka birki a tsakiyar gangara ya ji shi sako-sako, da fasinja cike a bayansa. Suka riƙa sauraro, ɗaya bayan ɗaya suna zamewa. Ranar da abin ya kai masa ƙarshe, amininsa ne, wanda tun suna samari yake kawo masa gyara, ya wuce rumfarsa ya faka a ta maƙwabci. Na farko ya bi shi a fusace ya ce, "Har da kai?" Aminin ya ce, "To ai kai ka gaya mana irin aikinsa, mu da ba mu sani ba." Haka mai hassadar ya koma ya zauna a rumfarsa wayam, yana jin ƙarar sifanar wancan.

Ka ga abin da ya sa Hausawa ke cewa, hassada ga mai rabo taki ce.