Faifan da Asibi Ta Hana Sayarwa

Duk amaryar da aka yi wa jere a Paki, fayafayan Asibi ne a bangonta. Guda ɗaya kawai, mai jan rini, ta hana sayarwa, har Baturen auduga ya taya, amma ta ƙi. Na ɗakinta ne, in Allah Ya sake kawo miji.

Ran nan da la'asar, Ladan mai zanen ƙwarya ya yi sallama a zauren kawunta. Asibi ta fito, bayan sun gaisa ya ajiye sabuwar ƙwarya gabanta, ya sunkuyar da kai.

"Wace amarya za a saƙa wa murfi?" ta tambaya, tana auna bakin ƙwaryar da yatsu. Sai hannunta ya tsaya. Ta san wannan awon.

Ta shiga gida ta ɗauko faifanta ta ɗora. Ya zauna daram.

"Malam Ladan, ai faifai ake saƙa wa ƙwarya, ba ƙwarya ake fafe wa faifai ba."

"Na sani," in ji shi. "Innarki ta ba ni awon. Duma arba'in na fafe kafin na dace."

Asibi ta ja mayafi ta ɓoye murmushi.

"To, kai wa Kawu ƙwaryar. Faifan kuwa, bar shi a kai."