Abin da Aka Gani a Hoton Anti Winifred

Kai, ku tsaya ku ji, ko yunifom ban cire ba!

Anti Winifred tela ce a kasuwar Sabon Gari, ita ce ke haya a ɗakin ƙarshe na gidanmu a Samaru. Ba mai shiga ɗakin nan. Daga ita sai rediyo, shi ma ƙure shi take kamar gidan biki.

Kullum da safe in za ta fita, famfo na hagunta, mata cike suna wanke-wanke. "Anti, ina kwana?" Ko waige! Kafin ta dawo kuwa kowa ya shige ɗaki. In ka tare ta da magana, sai ta karkata kai tana kallonka a kaikaice. Maman Sati mai koko ta ce girman kai ne, kowa ya kama gaisuwarsa. Ko ranar Kirsimeti ita kaɗai ta ci shinkafarta, ƙofa a buɗe, ba wanda ya leƙa.

Kwanaki ta gaya wa mai gida ƙarshen wata za ta tashi. Ba wanda ya tambaye ta dalili.

Sai haƙorin nan na can ƙurya, mai fitowa bayan an girma, ya sa ta gaba. Ita kaɗai ta hau napep ta je aka cire, ita kaɗai ta dawo da auduga a baki. Kumburi ya ƙi sauka, ta koma, aka ɗauki hoton muƙamuƙinta gaba ɗaya.

Wai likita ya daɗe yana kallon hoton. Ramin haƙori lafiya lau. Amma can sama, inda muƙamuƙi ya haɗu da kai, ga wani abu fari fat, mulmulalle.

"Madam, an taɓa harbinki?"

"A'a."

"Wa ya rako ki?"

"Ba kowa."

Ya haɗa ta da wani likitan daban, aka ce ta koma yau.

Ɗazun nan, ina shigowa daga makaranta, ta fito daga ɗaki da kwalin kayanta za ta kai waje. Maman Sati ta ga kumatun, tausayi ya kama ta, ta ce ƙasa-ƙasa, ba don a amsa ba, "Sannu da jiki, Anti."

Kwalin ya faɗi tim! Anti ta juyo.

Ta kwance bakin hankicinta, ta nuna mana. Ɗan ƙwallon ƙarfe ne na boris ɗin mota, duk ya yi baƙi. Ta ce babanta makanike ne a Chikaji, da alama tun tana 'yar mitsitsiya ta cusa shi a kunnen hagu, datti ya rufe, ba wanda ya sani, har ita kanta. Yau aka zaro shi, kunnen ya buɗe.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ido cike da hawaye.

"Maman Sati, wai daman kuna gaishe ni?"